Tun ran gini tun ran zane: Darasin da ɗalibaina suke rainawa

Duk shekara, ranar da zan fara shiga ajin ɗaliban da ke koyon kula da aikin gini, akwai wata al'ada da ba na fasawa. Darasina yakan faɗo da ƙarfe biyu na rana, a zangon karatun da ke cin karo da bazara. Da na shiga, kafin in rubuta ko harafi ɗaya a allo, sai in sa a rufe ƙofa da tagogi, a kashe fankoki in ma an yi sa'a akwai wuta, in ce kowa ya zauna shiru na minti goma. Ba a cin rabin lokacin sai ka ga an fara fifita da littafi, ana share gumi da gefen mayafi, ana ɓalle maɓallin wuya. In lokaci ya cika sai in sa a buɗe, in yi musu tambaya guda: "Wannan zafin da ya dame ku, daga ina ya fito?"

Amsar farko kullum ita ce rana. Sai in ce na yarda, amma su ƙirga kansu tukuna. Mutum guda da ke zaune ba ya aikin komai, jikinsa yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100. Ajin mutum 100 ke nan tamkar an kunna murhu mai ƙarfin kilowat 10 ne a tsakiyarsa. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi, irin wadda aka fi saye a kasuwanninmu, abin da take iya kwashewa bai wuce kimanin kilowat 3.5 ba. Wato sai an kafa guda uku saboda jikinsu kawai, kafin a zo maganar kwanon rufi, wanda rana tsaka take sauke wa zafin da ya kusa kilowat ɗaya a kan kowane murabba'in mita, kafin kuma a zo maganar bangon yamma da tagogin gilashi. A nan ne ajin yake yin tsit na gaske, ba wanda na umarta ba.

Darasin da nake koyarwa ya ƙunshi duk abin da ke sa gini ya rayu bayan an gama ɗora bulo: sanyaya ɗaki, shigar iska da fitarta, bututun ruwa da famfunan da ke tura shi, lifta, da kayan kashe gobara. Ɗalibaina ba sa ƙaunarsa. Suna son darasin kankare da rodi, suna son na ƙiyasin kuɗi da tsara kwanakin aiki, domin nan suke hango kansu da farar hular kwano suna ba da umarni. Ba a taɓa yin shekarar da wani bai ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu fa ba makanikai za mu zama ba. Akwai injiniyan da zai zana, akwai masu haɗawa da za su haɗa. Mu namu sa ido ne." Ba na jin haushin wannan magana, domin ni ma na faɗe ta da bakina sa'ad da nake kan benci irin nasu. Abin da nake yi shi ne in ba su labarin yadda na biya kuɗinta.

Shekarata biyu da gama makaranta aka damƙa mini kula da ginin wani bene, ofisoshi a sama, babban ɗakin taro a ƙasa. Zanen gini yana hannuna, na rodi ma yana hannuna, amma zanen na'urorin sanyaya wurin bai iso ba. Ɗan kwangila ya matsa, domin kaso na biyu na kuɗinsa ba zai fito ba sai an zuba dakin. Na duba a raina na ce iyakwandishan ai kayan ƙarshe ne, kamar fenti da labule, in an gama gini a zo a rataya. Na sa hannu, aka zuba.

Bayan wata uku masu sanyaya wurin suka iso da manyan bututun iska na kwano, waɗanda za su bi ta cikin silin su raba sanyi a ɗakin taro. Kaurin babban bututun ya kai kamu biyu. Tazarar da na bari tsakanin ƙasan bim da silin ba ta cika kamu guda ba. Wata safiya na shigo na tarar da lebura a kan tsani yana fasa tsakiyar bim da guduma, har rodi ya bayyana, ga wani a ƙasa riƙe da zarton ƙarfe yana jira. Shugaban birkilolinmu, wani dattijo da duk muke kira Baba, yana zaune a kan bulo ya ajiye kayan aikinsa. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, in za a yanke rodin nan, ka fara sallamata in bar wurin. Ba na so a ce da ni aka yi." Na san abin da yake nufi, don an koya mini: rodin da ke ƙasan bim a tsakiya shi ne ke riƙe da nauyin duk abin da ke sama. In an yanke shi, ranar da ɗakin ya cika da jama'a ita ce ranar da za a gane.

Na tsayar da aikin, aka kira injiniyan da ya zana ginin aka gyara ɓarnar. Amma bututun ba su da hanya. Aka jibge su a bayan gini har suka yi tsatsa, aka koma sayen ƙananan na'urori na bango. Mai ginin ya ce ba ya son akwatunansu na waje su ɓata masa fuskar gida, aka jera su a wani siririn lungu mai bango hagu da dama. Ni kuma ban ce komai ba, don ban san akwai abin cewa ba. Da bazara ta zo, daga azahar sai su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da zan bar aikin Baba ya rako ni bakin ƙofa, abin da ya ce da ni kawai shi ne, "Ɗana, tun ran gini tun ran zane." Har yau in na bi ta titin nakan kawar da kai.

Saboda haka abu na farko da nake dasa wa ɗalibaina shi ne cewa babu na'urar da ke ƙera sanyi. Zafi take ɗauka daga wuri ta kai wani wuri. Nakan fara da randa, domin babu wanda bai sha ruwanta ba. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jingine da shi, shi ya sa na ciki yake yin sanyi. Da wannan hikimar ce Malam Muhammad Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Iyakwandishan ma hanyar da yake bi ke nan, sai dai shi a maimakon ruwa, wani sinadari ne da muke kira gas yake zagayawa a rufaffen bututu. A akwatin ciki sinadarin yana zama tururi, ya kwashi zafin ɗakin. Kwamfireso ya matse shi har ya fi iskar waje zafi. A akwatin waje fanka ta hura masa iska, ya sauke kayansa, ya koma ruwa, ya sake komawa ciki.

Wanda ya gane wannan ba sai an faɗa masa laifin lunguna ba. Akwatin waje yana amayar da zafin ɗakin gaba ɗaya, haɗe da zafin wutar da na'urar ta sha. In ta sha kilowat ɗaya ta kwaso uku daga ciki, huɗu take zubarwa a waje. Ka jera goma a wurin da iska ba ta ratsawa, kowace tana shaƙar numfashin 'yar'uwarta, ka gina musu tanda ke nan. Wurin da za a kafa su, da inuwar da za su samu, da tsawon bututun da zai haɗa ciki da waje, da hanyar da mai gyara zai bi ya kai gare su ba tare da ya sa ransa a haɗari ba, duk hukunci ne da ake yankewa tun gini yana kan takarda, kuma mai kula da aiki ne zai tabbatar an bar musu gurbi. Shi ne kaɗai mutumin da zanen kowa yake haɗuwa a teburinsa.

Abu na biyu shi ne laima. Ɗalibai sukan yi mamaki in na gaya musu cewa ba don mutane su ji daɗi aka fara wannan sana'a ba. A shekarar 1902 wani matashin injiniya, Willis Carrier, ya tsara na'urarsa ta farko don wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka, inda danshin iska yake sa takarda ta kumbura ta motse, launuka su ƙi hawa kan juna daidai. Rage danshi ya je yi. Har gobe duk na'urar da ke sanyaya iska tana tatsar ruwa daga cikinta, kamar yadda raɓa ke taruwa a jikin kofin ruwan ƙanƙara, kuma ruwan nan dole ya sami hanyar fita mai gangara. Duk bokitin da mai karatu ya taɓa gani an tara a ƙarƙashin iyakwandishan a ofis, duk baƙin tabon da ya gani a silin, shaida ce ta bututun da ba a binne a bango ba lokacin da ya kamata, ko aka binne shi ba gangara. Nakan kuma ja musu kunne game da tunanin nan na cewa babba ta fi. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana sanyaya shi nan da nan ta tsaya, ba ta daɗe tana aiki ba balle ta tsane danshin. A watan Agusta sai ka shiga ɗaki ga sanyi amma jiki yana danƙo, littattafai suna fumfuna. Da hunturu kuma matsalar juyawa take yi: iska ta bushe, ƙura ta toshe matatar na'ura, wadda in an kafa ta inda hannu ba ya kaiwa ba mai wanke ta.

Abu na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, domin shi ya shafi lafiya kai tsaye: iska mai sanyi daban, iska mai tsabta daban. Ƙaramar na'urar bango ba ta shigo da iskar waje ko kaɗan. Ta cikin ɗakin take zuƙa, ta sanyaya, ta maido. Ka rufe mutum 200 a ɗakin taro da irinta, numfashin juna suke ta musaya, shi ya sa bayan awa guda sai hamma da ciwon kai, a ɗora wa mai jawabi laifi. In akwai mai tari a cikinsu, kowa ya sami rabonsa. Ƙa'idojin da muke koyarwa suna neman kimanin lita 10 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane mutum a ofis, ɗakin tiyata kuwa a sauya iskarsa kamar sau 20 a awa guda, ta bi ta matata. Wannan iskar tana bukatar bututu, bututu yana bukatar rami a bango da fili a silin, su kuma ba sa samuwa bayan kankare ya bushe. Nakan ba su labarin abin da ya faru a birnin Filadelfiya a 1976, inda tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal, suka koma gida da wani ciwon huhu da ba a san shi ba, wajen mutum 30 suka rasu. Daga baya aka gano ƙwayar cutar, wadda ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya kwanta, irin na hasumiyar sanyaya ruwa ta manyan gine-gine. Tun daga nan duniya ta san cewa na'urar da ba a tsara yadda za a wanke ta ba tana iya kisa.

In mun kai tsakiyar zango nakan fitar da su daga aji mu shiga tsohon gari. Mu zauna a zauren wani gidan ƙasa da rana tsaka, da ma'aunin zafi a hannu, sa'an nan mu fito mu shiga wani shagon bulo mai rufin kwano ba silin a bakin titi, su rubuta abin da suka gani da kansu. Gani ya kori ji. Katangar tubali mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ya ratsowa ciki sai dare ya yi, lokacin da gari ya huce ana iya buɗe ƙofa ko a fita tsakar gida. Rufin azara da ƙasa haka yake yi. Tagogi ƙanana ne, suna sama, inda iska mai zafi take taruwa. Maginan da suka yi Gidan Makama a Kano, da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba su san kilowat ba, amma sun san inda rana take faɗuwa.

Ba na yaudarar ɗalibaina da cewa mu koma ginin ƙasa mu huta. Ginin ƙasa yana son yaɓe da kulawa duk shekara, kuma ba za a yi tiyata ko a adana allurar rigakafi da inuwar zaure ba. Zafin ma ƙaruwa yake yi. Garuruwanmu irin su Sakkwato da Maiduguri sun saba haura digiri 40 a bazara, kuma a watan Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A irin wannan yanayi sanyaya ɗakin jarirai ko na tsofaffi marasa lafiya ya wuce maganar jin daɗi. Abin da nake so su ɗauka daga zaure shi ne cewa zafin da ya fi sauƙin fitarwa shi ne wanda ba a bari ya shigo ba. A juya doguwar fuskar gini ta kalli kudu da arewa. A rage taga a bangon yamma, wadda ta zama dole a yi mata rumfa. A sa abin tare zafi a saman silin, a zaɓi kwano mai haske, a bar darbejiyar da aka tarar a filin maimakon a sare ta ranar farko. Yau muna gina benaye masu fuskar gilashi suna kallon yamma, don mun gani a hoton wata ƙasa, sa'an nan mu sayi janareto mu yi ta yaƙi da ranar da mu muka gayyato ta.

Yaƙin kuwa da tsada. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, amma ya tsaya sama da 200. Na'ura mai doki ɗaya da rabi da ta yi awa takwas tana aiki a bazara tana iya shan yunit tara ko goma, wato kusan Naira 2,000 a yini. Ofishi mai guda 20 ya doshi Naira 40,000 ke nan kullum, ban da dizal. Nakan sa ɗalibai su yi wannan lissafi na shekara goma, su ajiye shi kusa da kuɗin abin tare zafi da ɗan kwangila ya cire daga silin don a rage tsada. Sukan ga da idonsu cewa araha ba ta ado. Kuma ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki a duniya za su tashi daga kimanin biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050, mafi yawan ƙarin a ƙasashe masu zafi.

Koyar da wannan darasi a wurinmu yana da tasa wahalar. Yawancin littattafan an rubuta su ne a ƙasashen da babbar damuwarsu ɗumama ɗaki ce, babi bayan babi a kan tukunyar ruwan zafi da ɗalibina ba zai taɓa gani ba, ba ko layi ɗaya a kan ƙurar hunturu ko wutar da ke zuwa da rabin ƙarfi ta ƙone kwamfireso. Kayan gwaji kuma ba su wadata ba. Dabarar da na samu ita ce in kai su rumfar masu gyaran firij da iyakwandishan, a buɗe musu matacciyar na'ura su taɓa hanjinta. Da farko sukan ɗaga hanci, masu neman babbar difloma a gaban wanda bai gama sakandare ba. Kafin a tashi sai ka ji suna "Oga, don Allah sake nuna mana." A can suke jin abin da ba ya cikin manhaja: yadda ake sakin tsohon gas a iska don ba a da abin tara shi, alhali irin R-22 yana cikin waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa a daina saboda illarsu ga sararin samaniya, da kuma yadda wasu sababbin da ke maye gurbinsa suke iya kamawa da wuta in aka yi walda da ganganci. Ni ma duk zuwa sai na ƙaru.

Ba na fatan ɗalibaina su zama masu zana waɗannan na'urori, wannan aikin wasu ne. Fatana su iya buɗe zanen injiniyan na'urori su ɗora shi a kan na rodi, su ga inda bututu zai yi karo da bim tun ana iya gyarawa da fensir. Su san tambayar da za su yi, su kuma sami ƙarfin halin cewa a dakata. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, don ba a rubuta shi a jarrabawa.

A bara wata tsohuwar ɗalibata ta kira ni da daddare. Tana kula da ginin wani ƙaramin asibiti, an shirya zuba dakin washegari, an tara yashi da tsakuwa, an kira lebura, amma zanen iskar ɗakin tiyata bai zo ba. Ta ce, "Malam, na ce ba za a zuba ba. Ɗan kwangila ya ce zai sa a cire ni." Na tambaye ta ko tana so in yi magana da wani. Ta ce a'a, so take kawai ta ji ko ta yi daidai. Na ce ta yi daidai. An yi kwana tara ana jira, ana biyan hayar injin kwaɓa kankare a banza, ana harararta safe da yamma. Da zanen ya zo, akwai wurare shida da bututu zai ratsa, aka sa musu gurbi a cikin katako kafin a zuba. Ba a cire ta ba, ba kuma wanda ya gode mata, domin ɓarnar da ba ta auku ba ba ta da mai shaida. Marasa lafiyar da za a kwantar a ɗakin nan ba za su taɓa jin sunanta ba.

Bazara ta sake matsowa, sabon aji yana jirana. Zan sa a rufe tagogi, in jira minti goma, in yi tambayata. Wani zai ɗaga hannu ya ce su ba makanikai ba ne, ni kuma in ba shi labarin Baba da guduma.